Kelepi da Ƙahon da Ya Sayo a Waya

A ƙauyenmu na Matahiva, nan tsibirin Tongatapu, mutum zai rasa gona a tausaya masa, ya rasa kwalekwale a ba shi aro, amma namijin da ba ya cikin layin 'yan badujala, ko a wurin shan kava, jiƙon saiwar nan da maza ke taruwa su sha, sai dai ya zauna bakin ƙofa. Kelepi mai kifi shekararsa goma sha huɗu yana gaya wa baƙi cewa shi ɗan badujala ne. Ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba. Duk inda za su yana nan, amma daga can baya, da jarkar ruwa a kafaɗa. Farin kwat ɗin nan mai maɓallan zinariya da ake sawa ranar fareti bai taɓa zura hannu a cikinsa ba, kuma abin yana ci masa rai fiye da yadda bakinsa zai yarda ya faɗa.

Baki kuwa Allah ya ba shi. Kullum da hantsi yana zagaya ƙauye da baro cike da kifi, yana busa ƙaton bawon katantanwar teku don mata su fito. A faɗarsa, in ya cika huhu ya busa, har mutanen tsibirin Eua sukan fito da kwanonin sayen kifi.

Saura wata biyu a buɗe sabon cocin ƙauye, sai mai busa babban ƙaho ya samu aikin tsinkar lemo a Ostireliya, ya tafi, ya kuma tafi da ƙahonsa. Babban ƙaho shi ne ƙaton nan na tagulla da ake runguma kamar buhun doya, wanda ke cewa bum, bum, kowa na aje ƙafa a kan muryarsa. In babu shi, fareti sai ya koma tafiyar kasuwa.

Ranar Asabar da la'asar ana zaune ana zagaya ƙoƙon kava, Baba Taniela, shugaban badujala, tsohon da kunnensa na hagu ya daɗe da yin ritaya, ya buga sandarsa a ƙasa.

"Duk wanda ya kawo mini babban ƙaho, layin baya nasa ne, kwat ma nasa ne. Amma in ya kunyata ni a gaban jama'a, da hannuna zan tuɓe masa shi."

Daga bakin ƙofa aka ji murya. "Baba, a sa a goge kwat ɗin kawai. An gama."

Mosese mai babbar ganga, wanda tun suna 'yan makaranta ba ya barin Kelepi ya sha ruwa lafiya, ya juyo. "Kai mai jarka, ƙahon saniya aka ce maka?"

"Ƙahon da zan kawo, Mosese, in na busa shi sau ɗaya gangarka sai ta nemi wurin ɓuya."

"A ina za ka samo shi? Cikin kifi?"

Kelepi ya zaro waya ya ɗaga sama. "Ku kuna nan kuna jiran jirgi. Ni duniya tana aljihuna."

Kafin rana ta faɗi ya samo shi, a wani shafin da mutane ke tallar tsofaffin kayansu. Wani mutum ne a Okalani, can New Zealand, ya sa sunansa Gary kawai, babu na uba. Hoto ɗaya tak. Ga ƙaho nan a tsaye, baki sama, yana ƙyalli, furanni ja da rawaya sun kewaye shi. A ƙasa an rubuta: an daɗe ba a busa shi ba, yadda ka gan shi haka za ka ɗauka.

Kelepi ya kai wa matarsa Sulieti, tana tsakar gida tana kankare kwakwa. Ta karɓi wayar da bayan hannu, ta ƙura ido.

"Me ƙaho yake yi a cikin furanni?"

"Haka Turawa suke ɗaukar hoton abu mai daraja. Ke me kika sani?"

"Na san ban ga gindinsa ba. Ka ce ya juya shi ya sake ɗauka."

"In nuna masa ban yarda da shi ba? Mutum mai mutunci irin Gary?"

"Yaushe ka san shi?"

"Tun ɗazu."

"To ka ce ya busa mu ji."

Wannan dai ya yarda ya tambaya. Amsa ta zo nan take, wai Gary haƙori na damunsa, kuma wani mutum yana hanya zai zo ya ɗauka, in Kelepi da gaske yake ya hanzarta. Jin haka Kelepi ya miƙe tsaye kamar an taka masa ƙafa.

"Kin ji ko? Saura kaɗan ki jawo mini asara da tambayoyinki! An daɗe ba a busa shi ba, ai shi ne sabo. Duk muryarsa tana nan a ciki ba a taɓa ta ba."

Ya biya a tsaye, ko zama bai yi ba. Sannan ya kira Goggo Nunia, yayar mahaifinsa da ke zaune a Okalani shekara talatin, ya roƙe ta ta karɓo ta sa a jirgin ruwa. Goggo ta je. Gary ya miƙo mata abin ta saman shinge, a naɗe cikin tsohon bargo, bai ko buɗe ƙofa ba. Washegari da Kelepi ya shiga don ya yi masa godiya, babu Gary, babu hoto, babu alamar an taɓa yin wani mai wannan suna.

"Manyan 'yan kasuwa ke nan," in ji shi ga Sulieti. "Sun gama da kai, sun wuce gaba."

Mako shida ƙauye bai huta ba. Kelepi ya daina ɗaukar jarka, wai kafaɗarsa tana hutawa don babban aiki. Ya riƙa tsayar da mutane a hanya yana nuna musu da hannu faɗin bakin ƙahon, kuma kullum faɗin ƙaruwa yake yi. Ya je gidan Baba Taniela sau uku yana gwada kwat.

Saura kwana goma akwatin ya iso. A-kori-kura ta sauke shi a ƙofar gida, kuma da yake akwatin Okalani ba a buɗe shi a ɓoye, kafin a cire ƙusa ta farko rabin ƙauye ya hallara. Aka ɗaga murfi, aka yaye bargo. Ƙaho kam ƙaho ne, ƙato, har wasu suka ce kai! Sai dai maza biyu sun kasa ɗaga shi.

"Nauyin asali ke nan," Kelepi ya ce. "Ba irin gwangwanin da kuka saba gani ba."

Mosese ya leƙa bakin ƙahon, ya zura hannu, ya jawo labule. Ya sake zurawa, ya jawo safa ƙafa shida. Sai takalmin coci na mata, sai sabulu, sai baƙin yadi na zaman makoki. Duk wanda ke da dangi a waje ya san dokar: ba a turo iska a jirgi, duk inda rami yake sai an cika shi. Goggo Nunia ta ga rami mafi girma a rayuwarta, ta kuwa yi masa adalci. Daga ƙarshe gwangwanayen nama suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, mata na guɗa.

Da aka gama, Mosese ya kifa ƙahon don ya kakkaɓe. Busasshiyar ƙasa ta zubo, da 'yan saiwoyi, da bawon katantanwar lambu guda biyu. Sulieti ta zagaya ta baya ta duƙa, ta daɗe a duƙe, sannan ta ɗago.

"Maigida, zo ka ga gindin da ba a ɗauka a hoto ba."

Huji tara ne, zagayayyu sumul, irin na injin huda katako, an jera su daidai inda ruwa zai tsiyaye. Ashe ba a cikin furanni aka ɗauki hoton ba kawai. Shekara da shekaru ƙahon shi ne tukunyar da ake shuka su.

Mosese ya zauna a ƙasa don dariya. "Kelepi, safe da yamma ake ba shi ruwa, ko sau ɗaya ya isa?"

"Jahilci dai ba kyau," in ji Kelepi, gumi na tsattsafo masa. "Hujin shan iska ne. Ƙahonin ƙasashen sanyi duk haka suke. Nan da yake akwai zafi sai a toshe."

Ya sa baki ya busa. Kumatunsa suka kumbura, idanunsa suka firfito, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ko tsit ƙahon bai ce ba. Ya danna madannai uku da ake sauya muryar ƙahon da su, suka ƙi motsi, tsatsa ta riƙe su gam.

Ana cikin haka waya ta yi ƙara. Goggo Nunia ce, kuma Goggo ba ta magana a hankali.

"Ɗan ƙanena, kaya sun iso? Nama gwangwani goma sha biyu ne, ka duba."

Aka duba. Sha ɗaya.

"To na sha biyun yana ciki. Ƙarami ne, ya ƙi shiga lungun nan, sai da na sa sanda na tura shi da ƙarfi. Na kyauta ko ban kyauta ba?"

A wurinmu 'yar'uwar uba ba a ɗaga mata murya, ba a ce mata ta yi kuskure, ko da gidanka ta rushe. Kelepi ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi.

"Kin kyauta, Goggo. Allah ya ƙara girma."

"Ina nan zuwa bikin. Na gaya wa duk matan cocinmu na nan cewa ɗan ƙanena ne mai babban ƙaho. Kada ka ba ni kunya."

Daga ranar gidan Kelepi ya koma maƙera. Huji tara ya toshe su da ƙaron itacen da ake like kwalekwale, da ƙaron ya ƙare ya cike da cingam. Madannai ya ɗura musu man kwakwar Sulieti, mai ƙamshin nan da take shafawa ranar Lahadi, har kwalba ta ƙare. Madannai ba su motsa ba, amma kafin azahar duk kiyashin Matahiva sun samu labari, suka yi layi tun daga bakin rijiya har cikin ƙaho.

Saura gwangwani. Ya jefa ƙugiyar kamun kifi, ƙugiya ta maƙale, ta zauna tare da gwangwanin. Ya ɗaure ƙahon a reshen mangwaro baki ƙasa yana dukansa da filafilin kwalekwale, abin da ya samu shi ne lotsawa uku. Sulieti tana zaune a kan turmi tana kallo.

"Ka kai wa mai walda a birni mana."

"In ba wa wani sirrin kayana? Ke ba ki san ƙarfe ba. Ƙarfe in ya ji wuta buɗewa yake yi. Gwangwanin da kansa zai faɗo."

Ranar Juma'a maƙwabta suna gashin doya a rami, Kelepi ya roƙi arziki ya ɗora ƙahon a kan duwatsu masu zafi da ke cikin ramin. Ya tsaya hannu a ƙugu yana yi wa mutane bayanin ilimin ƙarfe. Cingam ya fara narkewa. Wani siririn bututu ya saki dalmarsa ya faɗo cikin toka. Sannan aka ji fum! daga can ciki, ƙamshin soyayyen nama ya gauraye unguwa. Gwangwanin ya fashe, amma bai fito ba, sai ma ya buɗe ya ƙara kama wuri.

Karnuka suka fara zuwa. Na farko na Mosese ne, kuma Kelepi har gobe yana cewa turo shi aka yi.

Ya ɗaure bututun da ya faɗi da zaren kamun kifi, ya sake cingam, ya goge tagulla da toka da lemon tsami har tana ɗaukar ido. Daga nesa babu ƙaho mai kyansa a duk Tonga. A wurin gwaji kuwa kullum da uzurinsa. Ran Litinin ƙahon bai huce gajiyar teku ba. Ran Talata bai saba da iskarmu ba tukuna. Ran Laraba Baba Taniela ya nuna shi da sanda.

"Gobe ne gwaji na ƙarshe. In ban ji muryar abin nan ba, ka koma wa jarkarka."

Kelepi ya koma gida jiki a sanyaye. Ya zauna bayan ɗaki da ƙahon a cinya, karnuka uku na gadinsa. A karo na farko ya ji tsoro na gaske, ba na dariyar Mosese ba, na komawa bayan layi yana kallon fararen bayan mutane har ya tsufa. Cikin takaici ya yi gurnani daga ƙirji, bum. Karnuka suka ɗaga kunne. Ya sake, bum, bum. Ya dubi ƙahon, ya ga yadda ya rufe masa rabin fuska. Sai murmushi ya dawo.

Ran Alhamis ya tsaya a layin baya, ta gefen kunnen Baba na hagu. Ya manna leɓe a mabusa, ya kumbura kunci ɗaya, ta ɗaya gefen bakin kuma yana sakin bum, bum daga ƙirji. Muryar da ta shekara ashirin tana tallar kifi ba ƙaramar murya ba ce. Cikin hayaniyar begila da ganga, ta zauna daram.

Baba ya gyaɗa kai. "Yana da 'yar mura, amma yana riƙe taki. Zo ka karɓi kwat."

Mosese ya matso yana shinshina. "Ƙahon nan naka muryarsa kamar na santa."

"Manyan kaya haka suke, suna ɗaukar muryar mai su."

"Yatsunka kuma ban ga suna danna komai ba."

"Sai ɗan koyo ne ake ganin yatsunsa."

Ranar biki gari ya waye tas. Mutane sun zo daga ƙauyuka bakwai, kowa da sabuwar tabarma ɗaure a ƙugu kamar yadda muke ado ranar biki, an shimfiɗa yadin bawon itace tun daga bakin hanya har ƙofar coci. Goggo Nunia ta sauka tun jiya da matan Okalani goma sha ɗaya, an kafa musu rumfa ta musamman a tsakiyar hanya. Kelepi kuwa yana cikin farin kwat, maɓallai na walƙiya. Da Sulieti ta gan shi sai da idonta ya kawo ruwa, duk da ta san abin da ke cikin ƙahon.

Baba ya ɗaga sanda, aka tashi. Kai, ranar Kelepi ya yi bum! Ƙafa sittin suna sauka a kan muryarsa. Karnuka bakwai na bin sa a baya cikin tsari, mutane suka ɗauka sha'awar kiɗa ce. Rana ta yi zafi, cingam ya fara ɗiga a kan takalminsa, kiyashi suka fito daga madannai suka bi hannun kwat suka shige. Bai kula ba. Daɗi ya kwashe shi, ya lumshe ido, yana tafe yana jin duk duniya shi take saurare.

Al'adarmu ce in naka yana wasa a fili ya burge ka, ba ka zama. Kana tashi ne ka shiga fili da rawa, ka rataya masa furanni, ka sumbace shi kowa ya san naka ne. Da layin baya ya zo daidai rumfa, Goggo Nunia ta yi guɗa ta miƙe, da sarƙar furanni a hannu, matan Okalani na tafa mata. Ta ratsa tsakiyar 'yan badujala tana juyi. Babu mai iya gaya wa Goggo ta kauce, don haka Baba ya sauke sanda, kiɗa ya tsaya cak don a ba ta hanya.

Kowa ya tsaya ban da mutum ɗaya, wanda idonsa ke rufe.

"Bum, bum, bum, bum."

Goggo ta rataya masa furanni, ta kama kansa da hannu biyu, ta jawo shi daga jikin ƙahon don ta sumbaci kuncinsa. Kai ya taho, muryar ma ta taho tare da shi. Ga ƙaho can gefe ɗaya, ga bakin Kelepi nan a fili tsakanin tafukan Goggo, leɓe a tsuke.

"Bum, bum, bu..."

Ya buɗe ido. Ƙauyuka bakwai suna kallonsa. A cikin wannan shirun zaren kamun kifi ya tsinke, bututun ya faɗi ƙasa ya yi ƙara, wani kare ya ɗauke shi ya ruga.

Mosese ne ya fara dariya, ya kifa a kan gangarsa yana dukanta da goshi. Daga nan wuri ya ɓarke. Matan Okalani suna riƙe da juna kada su faɗi, masu begila sun zauna a kan yadin biki, Fasto da kansa ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Goggo ba ta saki kansa ba. "Kelepi, da bakinka kake yi?"

"Goggo, ƙahon ne... yana hutawa."

"Abin da na ɗauko tun daga Okalani?"

"Kin kyauta, Goggo."

Baba Taniela ya taho a hankali yana dogara sanda, mutane na buɗa masa. Ya tsaya gaban Kelepi, ya leƙa bakin ƙahon, ƙamshin nama mai kwana takwas ya buge shi, ya ja da baya. Ya miƙa hannu ya kama wuyan farin kwat. Kelepi ya rufe ido. Shekara goma sha huɗu, ga shi ko awa ɗaya bai cika a ciki ba.

"Tun daga bakin hanya kai ne kake yi?" Baba ya tambaya.

"Ni ne, Baba."

"Ran Alhamis ma?"

"Ni ne."

Tsohon ya dubi hanya. Saura rabin mil zuwa ƙofar coci, manyan baƙi na jira, kuma a duk Matahiva babu wani babban ƙaho. Ya saki wuyan kwat ɗin, ya kakkaɓe kiyashi biyu daga kafaɗarsa.

"Ajiye wannan tukunyar a bakin hanya. Koma layinka."

"Baba, da me zan busa?"

"Da abin da ka saba. Ka kuma buɗe baki sosai, tunda yanzu babu abin ɓoyewa."

Haka aka ƙarasa faretin. Mutum talatin da kayan kiɗa, mutum ɗaya a layin baya hannu wofi, da furanni a wuya, yana bum, bum da dukkan ƙarfinsa, ƙauyuka bakwai na biye da shi suna amsawa. Kunya kamar ta kashe shi a taku ɗari na farko. A na biyu ya fara ɗaga ƙirji. Kafin a kai ƙofar coci har yana kaɗa hannu.

Da aka tsaya, Mosese ya matso yana share hawaye, bai ko samu ya buɗe baki ba Kelepi ya riga shi.

"Ka ga abin da nake gaya muku ke nan. A manyan ƙasashe yanzu duk an daina ɗaukar ƙarfe. Ku dai kuna baya."